Mun Mai da Google Classroom Ɗakin Malamai: Ga Abin da Na Gani

Kamfanin Google ya fito da manhajar Google Classroom ne a watan Agustan 2014 domin malami ya riƙa raba wa ɗalibansa aiki, ya karɓa, ya duba, ya mayar musu ba tare da ɗaukar tulin littattafai ba. A makarantar da nake koyar da lissafi mun karkatar da shi zuwa wani aikin daban. Mun buɗe aji guda wanda babu ɗalibi ko ɗaya a cikinsa, daga mu malamai sai shugaban makaranta da mataimakansa. Da yake ni ce ke rubuta rahoton taronmu, hannuna ya fi na kowa shiga cikinsa, kuma malamai daga wasu makarantu sun sha tambayata ko abin ya kai a sha wahalarsa. Ya kai. Babban alherinsa shi ne ya kwashe sanarwa daga cikin taro, ya bar mana fili mu yi maganar koyarwa, wadda ita ce dalilin tara mu tun farko.

Duk wanda ya taɓa zama a taron malamai ya san yadda lokaci ke tafiya. A karanta rahoton taron baya, a gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba. A karanta takardar da ta zo daga hukumar ilimi. A faɗi ranar miƙa tambayoyin jarrabawa, a karanta jadawalin masu sa ido, wani ya ce an sa shi rana biyu a jere. Kafin a iso kan batun ajin da yaransa suka kasa gane lissafin ɓangarorin lamba, irin su rabi da ɗaya bisa uku, mutane sun fara duba agogo, masu tafiya nesa sun fara haɗa jaka. Sai a ce a bar shi zuwa zama na gaba. Na rubuta wannan jimlar a rahoto har na gaji da ita, kuma tana yi mini ciwo, domin abin da ake ɗagewa kullum shi ne abin da ya shafi yaro kai tsaye.

Buɗe ajin ba ya ɗaukar lokaci. Wanda ya buɗe shi ne babban malamin ajin, manhajar ta ba shi wata gajeriyar lamba mai haɗe da haruffa, duk wanda ya shigar da ita ya shigo. Tun 2017 ana iya amfani da asusun Google na kowa da kowa, wato wanda mutum ya buɗe wa kansa, ba sai na makaranta ba. Aji mai asusun kowa da kowa yana ɗaukar mutum 250, na makaranta kuwa 1,000, don haka babu ɗakin malaman da zai cika shi. Sai dai Google ya gindaya sharaɗi: in za a yi amfani da shi a makaranta tare da ɗalibai, dole makarantar ta yi rajistar asusun da aka keɓe wa makarantu, wanda tun 2021 ake kira Google Workspace for Education, kuma matakinsa na farko kyauta ne ga makarantun da suka cancanta. Ko da malamai kaɗai za su shiga, shawarata a nemi wannan asusun, saboda wani dalili da zan zo kansa.

Shafin farko shi ne na sanarwa. Sabuwa tana hawa sama, tsohuwa tana gangarawa. Ana iya rubuta sanarwa da dare a sa mata lokacin da za ta fita da safe, wanda ya hana a riƙa tayar da mutane cikin dare. Ana kuma iya zaɓar wanda ke da ikon rubutu: kowa ya rubuta ya yi sharhi, ko sharhi kawai, ko kuma shugabanni kaɗai. Mu mun zaɓi na tsakiya. Shugabanni su sanar, malamai su yi tambaya a ƙarƙashin sanarwar, amsar ta zauna nan inda kowa zai gani. Tambayar da a da mutum biyar za su bi mataimakin shugaba ofis su yi masa ɗaya bayan ɗaya, yanzu sau ɗaya ake amsa ta.

Amma shafi na biyu, na ayyuka, shi ne ainihin abin da ya sa nake yabon manhajar. A nan ana buɗe kanun batutuwa, a jera takardu a ƙarƙashin kowanne, kuma ba sa gangarawa su ɓace kamar na shafin farko. Namu kanun su ne rahotannin taro, takardun hukuma, jadawalai, jarrabawa, sai ƙarin sani. Sabon malamin da aka turo mana a tsakiyar zango, a ranar da ya shiga ya karanta duk abin da aka yanke tun farkon shekara. A da sai ya yi ta bin mutane yana tambaya, kowa ya gaya masa abin da ya tuna, kuma ba lallai tunanin biyu su zo ɗaya ba.

Bari in tsaya kan rahoton taro, don nan ne na fi sani. Kwana biyu ko uku kafin zama nakan buɗe takarda a Google Docs, manhajar rubutu ta Google, in rubuta ajanda, in liƙa ta a ajin, in ba kowa damar yin sharhi a gefe. Mai son a ƙara batu ya rubuta. Abin da na lura shi ne malaman da ba sa buɗe baki a gaban jama'a, musamman sababbi da ke jin nauyin manya, su ne suka fi rubutu a gefen nan, kuma sau da yawa batunsu ya fi nauyi. Wata matashiyar malamar kimiyya ce ta rubuta cewa yaran ajinta ba sa iya karanta jadawalin ƙididdiga a darasinta, ta tambaya ko mu malaman lissafi mun riga mun koyar da shi. Ba mu kai ba, yana zango na gaba a tsarinmu. A zama ɗaya muka matso da shi gaba. Wannan gyara ne da ba ya cin komai, amma shekara da shekaru ba a yi shi ba saboda babu inda malamar kimiyya da malamar lissafi za su haɗu su kalli tsarin aikin juna.

Ranar taro ina rubutu a cikin wannan takardar kai tsaye, ƙarƙashin kowane batu: abin da aka yanke, wanda zai yi, da ranar da zai gama. Kafin mutane su isa gida rahoton ya fita. Google Docs yana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi, da sunan wanda ya yi da lokacin, kuma ana iya komawa ga yadda takardar take a baya. Wanda bai taɓa riƙe rahoton taro ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Ni na san yadda musu ke tashi wata biyu bayan zama, wani ya ce ba haka aka yanke ba, wani ya ce an canja rubutun. Yanzu magana ba ta yin nisa, sai a buɗe a duba. Mun kuma daina karanta rahoton baya da baki. Shugaba yakan ce, "Malamai, kowa ya ga rahoto, akwai gyara?" In babu, a amince, a wuce.

Akwai kuma nau'in saƙo na tambaya, mai gajeriyar amsa ko mai zaɓi. Da shi muke yanke ƙananan abubuwa da a da suke cinye rabin sa'a, kamar ranar da ta fi dacewa a yi bita. Manhajar tana nuna adadin waɗanda suka amsa da sunayen waɗanda ba su amsa ba. In abin yana buƙatar a ɓoye suna, misali jin ra'ayin malamai kan yadda ake duba tsarin darasinsu, sai mu yi amfani da Google Forms, manhajar tsara fom na tambayoyi, mu kashe karɓar adireshin imel. Ina jaddada wannan, domin tambayar cikin Classroom tana ɗauke da sunan mai amsa, kuma ba kowa ne zai faɗi gaskiyar ransa shugaba yana ganin sunansa ba.

Yanzu batun ƙarin sani, wanda a kansa ne na fi sa rai, kuma a kansa ne ya kamata a yi hattara da zuzuta manhajar. Ƙungiyar OECD, ta haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, tana gudanar da wani babban bincike kan malamai mai suna TALIS tun 2008. A zagayen 2018, wanda ƙasashe da yankuna 48 suka shiga, fiye da kashi 90 cikin ɗari na malamai sun ce sun halarci wani horo a shekarar da ta gabata, amma ƙasa da rabi ne suka shiga irin horon da malami ke koyo daga ɗan'uwansa malami. Kusan rabi kuma sun ce cin karo da lokacin aiki yana hana su zuwa horo. Wani nazari da aka yi a Amurka a 2007, ƙarƙashin jagorancin Kwang Suk Yoon, ya tace bincike fiye da 1,300, tara kacal suka cika sharuɗɗan inganci, kuma a cikinsu horon da bai wuce sa'a 14 ba bai nuna wani tasiri a sakamakon ɗalibai ba. Wannan ya yi daidai da abin da idona ya gani. Bitar yini ɗaya, a zauna a saurari baƙo, a karɓi takardar shaida a watse, kamar ɗiban ruwa ne a kwando. Ranar Litinin kowa ya koma koyarwa yadda ya saba.

Google Classroom yana taimakawa ta fuskar lokaci. Malamin da aka tura bita a waje, in ya dawo, yana zuba takardun da ya samo a ƙarƙashin kan ƙarin sani, ya rubuta shafi ɗaya na abin da yake ganin zai yi aiki a azuzuwanmu. Kowa ya karanta a lokacin da ba shi da darasi. Amma zuba takarda ba horo ba ne, kuma na ga takardu masu kyau sun zauna babu wanda ya taɓa su. Abin da ya motsa mu shi ne da muka ari tsarin da malaman Japan suka daɗe suna bi tun ƙarni na 19: malamai kaɗan su tsara darasi guda tare, ɗaya ya koyar, sauran su zauna a bayan aji suna lura da yaran, ba da malamin ba, sannan a zauna a tattauna abin da aka gani a gyara darasin. A nan manhajar ta yi mana rana. Tsarin darasin yana cikin takarda guda da mu huɗu ko biyar muke rubutu a cikinta lokaci ɗaya. Takardar lura kuwa ana saka ta a matsayin aiki, a zaɓi a yi wa kowa kwafinsa, sai kowane mai kallo ya sami tasa da sunansa. Bayan darasi mu ɗauki hoton littattafan wasu yara, ba tare da sunansu ba, mu liƙa.

A irin wannan zaman ne wani dattijon malami, wanda ya koyar da lissafi tun kafin in shiga aikin, ya nuna mana hoton aikin wata yarinya da ta haɗa rabi da ɗaya bisa uku ta sami biyu bisa biyar. Ya ce, "Malama, duba nan. Yarinyar nan ba sakarci ta yi ba. Ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, domin haka muka koya mata a lissafin sau. Mu ne ba mu nuna mata inda hanyar ta rabu ba." Muka koma muka sake darasin, muka fara da zanen da'ira da aka raba kafin a taɓa lamba. Gani ya kori ji. Babu wata sanarwa ko bidiyo da za ta ba mu abin da muka samu a wannan zama, kuma lokacin zaman ya samu ne saboda jadawalin sa ido da ranar miƙa maki sun riga sun fita ta waya.

Sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma duk sun samo asali ne daga cewa an gina manhajar don malami da ɗalibi. Matsayi biyu ne kawai a cikinta: malami, wato mai gudanar da ajin, da ɗalibi. Duk wanda ba a sa shi cikin masu gudanarwa ba, sunansa na ƙarƙashin jerin ɗalibai, ko da ya shekara talatin yana koyarwa. In an sa wa aiki ranar ƙarshe ta wuce, sai ta rubuta a gaban sunan mutum cewa bai kawo ba. Ga yaro wannan tunatarwa ce, ga babba kuwa yana iya zama cin fuska, kuma mutuncin malami ba abin wasa ba ne. Maganin da muka samu shi ne cire maki daga kowane aiki, da kuma guje wa sa ranar ƙarshe sai inda ya zama dole. In aka ce a mai da kowa mai gudanarwa don a kauce wa wannan, to kowa zai iya gyara ko goge abin da wani ya saka, kuma ba zai iya amsa tambaya ko miƙa aiki ba. Don haka wannan ba mafita ba ce.

Na biyu, sanarwa ba ta nuna wanda ya karanta ta. In abu mai muhimmanci ne, sai dai a mai da shi tambaya a ce kowa ya danna "na gani". Na uku, ba wurin hira ba ne. Sharhi yana jeruwa ɗaya bayan ɗaya, in mutum goma suka shiga magana zaren yakan rikice. Saƙonnin imel da take turawa kuma suna da yawa, duk da ana iya rage su a wurin saiti, har a kashe na wani aji a bar na wani. Ya kamata a nuna wa kowa wannan tun ranar farko, domin wanda saƙo ya dama yakan kashe duka ne, daga nan kuma ya daina ganin komai.

Mutane kan ce mini, ai muna da zauren WhatsApp, me ya rage? Mu ma muna da shi, kuma ba mu rufe shi ba. Wajen gaggawa babu kamarsa: yana nuna wanda ya karanta, kowa ya iya shi, zaure guda yana ɗaukar mutum 1,024, tun 2022 ma ana iya jefa ƙuri'a a ciki. In malami ya tashi ba lafiya ana neman mai riƙe masa aji, can ake faɗa. Amma je ka nemi takardar hukuma da aka turo wata uku da suka wuce a cikin gaisuwa da hotuna da saƙonnin murya. Wanda ya canja waya bai adana ba ya rasa, wanda ya shigo daga baya bai san an yi ba. Rabon aikin da muka yi shi ne: abin da zai mutu yau ya tafi WhatsApp, abin da za a nema gobe ya tafi Classroom.

Google Meet, manhajar taro ta bidiyo, ba zan daɗe a kansa ba. An buɗe shi ga kowa a 2020, yana ɗaukar mutum 100 a matakin kyauta, kuma da asusun kowa da kowa taron mutum uku zuwa sama yana yankewa bayan minti 60. Naɗar taro a ajiye sai a matakan da ake biya. Muna amfani da shi lokacin hutu, ko don malamar da ke hutun haihuwa ta saurara in tana so. In aka kashe kyamara yana rage cin data sosai. Amma ban yarda a mai da taron malamai gaba ɗaya ta waya ba. Maganar yaron da ya daina zuwa makaranta, ko saɓani tsakanin malamai biyu, sai ana ganin fuskar juna.

Akwai waɗanda tsarin zai iya bari a baya, kuma shugaban da bai kula da su ba ya yi zalunci ko da bai nufa ba. Wani wayarsa ta tsufa ba ta da wurin sabuwar manhaja, wani idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, wani kuma kunyar tambaya yake ji. Abin da muka yi shi ne haɗa kowane mai jin wuya da wani abokin aiki da yake sakewa da shi, su zauna su biyu, ba a gaban jama'a ba. Kuma har yanzu muna liƙa jadawali da muhimman sanarwa a allon ɗakin malamai. Da wani ya ba da shawarar a cire allon, na ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, a bar shi. Ranar da intanet ta ɗauke, shi za mu duba." Ana iya saita Google Docs ya buɗu ba tare da intanet ba, amma sai an saita tun da wuri, kuma ba kowa ke tunawa ba.

Maganar sirri ma tana nan. Taron malamai yakan taɓo sunan yaro, rashin lafiyarsa, ko halin da gidansu ke ciki. Irin wannan ba na rubuta shi a rahoton da kowa zai buɗe a wayarsa, wayar da wataƙila 'ya'yansa ke wasa da ita. Nakan rubuta cewa an tattauna batun wani ɗalibi an miƙa wa mai ba da shawara, cikakken bayanin ya zauna a fayil a ofis. Haka tambayoyin jarrabawa, ba ma saka su a ajin kowa da kowa.

Dalilin da na ce a nemi asusun makaranta shi ne mallaka. Wanda ya buɗe aji shi ke da shi, kuma jakar da manhajar ke buɗe wa ajin a Google Drive, ma'ajiyar takardu ta intanet, tana ƙarƙashin asusunsa. In da asusun kansa ya buɗe, takardun da ya ɗora suna cin nasa gigabait 15 ne, wanda yake rabawa da imel da hotunansa, kuma ranar da aka yi masa canjin wurin aiki tarihin makarantar yana hannunsa. Ana iya miƙa mallakar aji ga wani daga cikin masu gudanarwa, amma sai mai shi ya yi da kansa. Da asusun makaranta kuwa, mai kula da asusun yana iya miƙawa ko da malamin ya riga ya tafi, kuma yana iya rufe ƙofa ga wanda ya bar aiki. Makarantar da za ta fara, ta buɗe ajin da asusun ofis, ta sa aƙalla mutum biyu cikin masu gudanarwa. A ƙarshen shekara kada a goge shi. Akwai zaɓin adana aji, inda komai zai zauna ana iya karantawa amma ba a iya canjawa, sannan a buɗe sabo a kwafo jadawalai da takardun da har yanzu ake buƙata daga tsohon.